Kogin Ƙanƙara na Fatagoniya da Jigayin Ƙasar Gumel: Hujjar Fita da Ɗalibai Daga Aji

A can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, inda ƙasashen Ajantina da Chile suka tsuke suka nufi ƙuryar duniya, akwai wani yanki mai sanyi da iska mai ƙarfi wanda ake kira Fatagoniya. Kowace shekara dubban ɗaruruwan mutane kan biya kuɗin jirgi mai yawa su isa wani gari da ake kira El Calafate, daga nan su ƙara tafiyar kilomita 80 a mota, don kawai su tsaya gaban wani bangon ƙanƙara su zuba masa ido. Wasu kuma kan zarce zuwa ƙauyen El Chaltén, su goya jaka su yini suna hawan tudu a ƙasa, har sai sun hango ƙololuwar dutsen Fitz Roy mai tsawon mita 3,405.

Ɗalibin sakandare da ke Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, idan ya ji wannan labari, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne, ina ruwan biri da gada? Ƙasarsu ba ta da dutse, balle ƙanƙara. Duk inda ya waiwaya yashi ne da gonakin gero da itatuwan gawo. To amma masana labarin ƙasa sun tabbatar da cewa sanyin da ya lulluɓe duwatsun Fatagoniya da ƙanƙara a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, shi ne kuma ya tara yashin da garin Gumel ke zaune a kai. Saboda haka ɗan Gumel yana da abin kallo na kimiyya a bayan gari, wanda zai iya kaiwa gare shi a ƙafa ba tare da tikitin jirgi ba. Abin da ya rage shi ne makarantu su yarda su buɗe ƙofa, malamai su fita da ɗalibai su karanta ƙasarsu da idonsu. Rashin yin haka asara ce babba, ga ɗaliban da kuma ƙasar da za su gada.

Mene Ne Kogin Ƙanƙara?

A wuraren da sanyi ya yi tsanani, dusar ƙanƙarar da ta zubo a bana ba ta gama narkewa kafin ta baɗi ta zubo a kanta. Shekara ta bi shekara, nauyin ta sama yana danne ta ƙasa yana matse iskar da ke cikinta, har ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai tauri mai launin shuɗi. Idan kaurinta ya kai wani matsayi, sai ta soma gangarowa daga kan dutse zuwa kwari a hankali, kamar yadda tuwo mai laushi kan malala idan aka karkata akushi. Wannan gangarowa ita ta sa ake kiranta kogin ƙanƙara.

Wanda ya fi shahara a Fatagoniya shi ne Perito Moreno, da ke cikin gandun Los Glaciares a lardin Santa Cruz na Ajantina. An kafa gandun a 1937, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Tsawon wannan kogin ƙanƙara ya kai kilomita 30, faɗin bakinsa kuwa kimanin kilomita 5 ne. Bangon da ya tsaya a kan Tafkin Argentino ya kai mita 60 zuwa 70 sama da ruwa, wato kamar bene mai hawa ashirin. Tsakiyarsa takan matsa gaba kamar mita 2 a kowace rana. Lokaci-lokaci wani ɓangare mai girman gida kan ɓalle ya faɗa cikin tafkin da ƙara irin ta aradu, kuma wannan shi ne abin da masu yawon buɗe ido ke tsayawa jira. Perito Moreno reshe ɗaya ne kawai daga wani makeken filin ƙanƙara da ke kan duwatsun Andis, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 12,000, wato fiye da rabin faɗin Jihar Jigawa.

Kogin ƙanƙara yana aiki a kan ƙasa. Yayin da yake tafiya yakan kankare dutsen da ke ƙarƙashinsa, ya faɗaɗa kwari, ya kwashi tarkacen duwatsu ya jibge su a inda ya tsaya. Idan ya narke ya ja da baya, wannan tarkace kan rage a matsayin shaida. Da irin wannan shaida ce wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Louis Agassiz, ya fito a 1837 ya ce akwai zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe babban ɓangare na Turai. Da farko manyan masana sun ƙi yarda da shi. Abin da ya ba shi gaskiya daga baya shi ne duwatsun da kowa zai iya zuwa ya gani.

Inda Ƙanƙara ta Haɗu da Yashi

Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, zamanin ƙanƙara na ƙarshe ya kai ƙololuwarsa. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da ƙasar Kanada da duwatsun Fatagoniya. Ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawan da har teku ya ja ƙasa da kimanin mita 120. Dalilin wannan sanyi yana da nasaba da yadda duniya ke kewaya rana. Karkatar duniya da siffar hanyar da take bi sukan sauya kaɗan-kaɗan cikin dubban shekaru, wannan kuma kan sauya yawan zafin rana da kowane yanki ke samu a kowane lokaci na shekara. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milanković, shi ne ya yi fice wajen lissafa waɗannan sauye-sauye a farkon ƙarni na 20.

Ƙanƙara ba ta zo ƙasar Hausa a wancan zamani ba. Fari ne ya zo. Ruwan damina da ake samu a Arewa iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika. Idan teku ya yi sanyi, tururin da ke tashi daga gare shi kan ragu, iskar damina ta yi rauni, ba ta iya kutsawa arewa sosai. Ita kuwa iskar arewa maso gabas, wadda ake kira iskar hunturu, sai ta samu fili. Ciyawa ta ƙone, itatuwa suka mutu, babu sauran abin da ke riƙe ƙasa. Iyakar Sahara ta sauko kudu da ɗaruruwan kilomitoci, iska ta dinga kwasar yashi tana jera shi kunya-kunya a faɗin ƙasar da yau ta zama arewacin Kano da Jigawa da Yobe da kudancin Damagaram.

A 1958 wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij, A. T. Grove, ya wallafa nazarinsa a kan waɗannan tuddai, ya bayyana su a matsayin tsohon tekun yashi na ƙasar Hausa. Ya lura cewa sun jeru ne daga gabas maso arewa zuwa yamma maso kudu, wato daidai hanyar da iskar hunturu ke bi. Daga baya masana sun samo dabarar gane shekarun yashi. Ƙwayar yashi idan ta binne takan riƙa tara wani ƙarfi daga ma'adanan da ke kewaye da ita, hasken rana kuwa yakan share wannan ƙarfi. Idan aka ɗebo yashi daga ƙarƙashin tudu cikin duhu aka auna abin da ya tara, za a san tun yaushe rabonsa da ganin rana. Awon da aka yi a arewa maso gabashin Nijeriya ya nuna cewa manyan tuddan sun taru ne a ƙarshen zamanin ƙanƙara, wasunsu kuma sun sake motsawa daga baya a lokutan fari.

A ƙasar Gumel waɗannan tuddai sun kwanta, domin ruwan sama da noma na dubban shekaru sun baje su. Duk da haka wanda ya hau keke daga ƙauye zuwa ƙauye ya san inda hanya kan yi ɗan hawa cikin jan yashi mai cin taya, sa'an nan ta gangara wani kwari mai baƙar ƙasa inda ruwa kan kwanta da damina. Idan aka nausa gabas wajen Haɗejiya da Birniwa, jerin ya fi fitowa sarari, har koguna da fadamu sukan bi tsakanin tudu da tudu. Manomi ya daɗe da raba jigawa da daɓaro da fadama, ya san abin da zai shuka a kowace. Sunan jihar ma, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, daga wannan ƙasa mai yashi ya samo asali. Yara da yawa suna rubuta kalmar Jigawa a bangon littafinsu kullum, ba tare da an taɓa gaya musu cewa sunan wani babban al'amari ne na tarihin duniya ba.

Bayan Yashi Sai Ruwa

Da ƙanƙara ta narke, al'amari ya juya. Tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, zafin rana na bazara ya ƙaru a arewacin duniya, iskar damina ta yi ƙarfi ta kutsa har tsakiyar Sahara. Ciyawa da itatuwa suka rufe tuddan yashi suka ɗaure su a inda suke. A Dabous, arewa da Agadas, mutanen wancan zamani sun sassaƙa hoton raƙuman dawa a jikin dutse, a wurin da yau raƙumin dawa ba zai iya rayuwa ba. Tafkin Chadi ya cika ya batse har faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000. Tsohuwar gaɓarsa tana nan har gobe, wani dogon tudun yashi ne da ya ratsa ta Bama da Maiduguri.

Akwai shaida mafi kusa. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani baƙin icce. Masu binciken kayan tarihi daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994. Ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka sassaƙa kimanin shekaru 8,000 da suka wuce, kuma babu wanda ya girme shi cikin duk kwalekwalen da aka samu a Afirka. Abin lura a nan shi ne, wanda ya fara ganin wannan abu ba shi da digiri. Ya dai lura cewa abin da ya tarar baƙo ne, ya kuma kai labari. Irin wannan ido ake so makaranta ta gina wa yaro.

Abin da Ke Cikin Haɗari

Mai karatu zai iya cewa wannan duk tsohon labari ne. Sai dai labarin bai ƙare ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2025 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2023 kogunan ƙanƙara na duniya sun yi asarar kimanin tan biliyan 273 a kowace shekara. Ƙanƙarar dutsen Chacaltaya ta ƙasar Bolibiya ta ƙare ƙurmus a 2009. A 2024 masana suka bayyana cewa ta ƙarshe da ta rage a Benezuwela ta ƙanƙance har ba ta cancanci sunan kogin ƙanƙara ba. A nan Afirka, dutsen Kilimanjaro ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da yake da ita a 1912. Shi kansa Perito Moreno, wanda ya shafe shekaru da dama yana tsaye daram yayin da maƙwabtansa ke raguwa, ya soma ja da baya tun wajen 2020. Wannan ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 a matsayin shekarar kiyaye kogunan ƙanƙara. Sanadin wannan narkewa ba sauyin kewayar duniya ba ne, domin shi yakan ɗauki dubban shekaru. Hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas ne ke riƙe zafi a sararin samaniya.

Wannan ya shafi manomin Gagarawa ta hanyoyi biyu aƙalla. Na farko, iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi. Wani nazari na 2017 da ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Jama'ar Jigawa sun ga irin ɓarnar da ambaliya ta yi a 2020 da 2022. Na biyu, laka da aka haƙo daga ƙarƙashin teku daura da gaɓar Senigal ta nuna cewa a can baya, duk lokacin da ƙanƙara mai yawa ta kwararo cikin arewacin Atlantika ta rage ƙarfin igiyar ruwan teku, yankin Sahel kan faɗa cikin dogon fari. Don haka masana ke sa ido a kan narkewar ƙanƙarar tsibirin Girinlan. Tudun da ke bayan gari kwance yake saboda ciyawa da saiwa sun riƙe shi. Wanda ke son ganin yadda yakan zama idan ya tashi, sai ya je ƙasar Yusufari a Jihar Yobe, inda tuddai masu tafiya ke barazana ga dausayi da gonaki.

Amfanin Awo da Rubutu

Ta yaya aka san cewa kogunan ƙanƙara na Fatagoniya sun ragu? An sani ne domin wasu sun je sun auna sun rubuta. Wani Ba'italiye mai suna Alberto De Agostini ya shafe shekaru a farkon rabin ƙarni na 20 yana hawan waɗannan duwatsu yana ɗaukar hotuna. Masu bincike na baya suka koma daidai inda ya tsaya suka sake ɗauka, sai ga tafki a inda da ƙanƙara take. Hoto biyu daga wuri ɗaya sun fi dogon jawabi ƙarfi.

Batun kwararowar hamada a Arewa yana bukatar irin wannan awo. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na gab da cinye arewacin Nijeriya. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta zagaya kan iyaka a 1936 da 1937, ta ce ba ta ga hujjar haka ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 maganar ta sake tasowa, har yau ana yawan maimaita cewa hamada na matsowa kudu da wani ƙayyadadden awo kowace shekara. Amma hotunan tauraron ɗan'adam tun daga shekarun 1980 sun nuna cewa iyakar tsirrai takan yi gaba ta yi baya gwargwadon damina. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin rayuwar manoma a ƙauyuka irin su Dagaceri, ya nuna cewa talaka yana da dabarun kiyaye ƙasarsa waɗanda jami'ai ba su lura da su ba. A tsallaken iyaka kuwa, a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun raya itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi.

Wannan ba ya nufin babu matsala. Akwai wuraren da ƙasa ta gaji, kuka da marke suka yi ƙaranci, rijiyoyi suka yi zurfi. Akwai kuma wuraren da suka farfaɗo. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Amma shiri irin wannan ba zai yi nasara ba sai an san wace gona ce ke lalacewa, wacce ce ke gyaruwa, da kuma dalili. Ɗalibin da aka koya masa haddar jimla ɗaya game da hamada zai girma ya zama jami'in da ke maimaita ta. Wanda aka koya masa awo zai tambayi ina, da yaushe, da nawa.

Yadda Fitar Za Ta Kasance

Ba a bukatar mota. Malami ya zaɓi wata hanya mai tsawon kilomita biyu ko uku da ta tashi daga kan jigawa ta gangara kwari. A fita da sassafe lokacin kaka ko hunturu, bayan an nemi izinin mai gari da masu gonaki. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane da littafi da igiya da kwalba da gwangwani.

A tsaya wuri uku: kan tudu, da gangare, da cikin kwari. A kowane wuri a ɗebi ƙasa a zuba a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi zai fara kwantawa, ƙasa mai laushi ta biyo baya, yumɓu ya zo ƙarshe, ɗalibi ya auna kaurin kowane da rula. A huda gindin gwangwani a kafa shi a ƙasa, a zuba ruwa daidai gwargwado, a duba agogo a ga minti nawa zai ɗauka kafin ya tsotse. Nan take yaro zai gane dalilin da ya sa gero da gyaɗa da riɗi ke son jigawa, dawa kuma ta fi son ƙasa mai riƙe ruwa. A duba ƙwayar yashi da gilashin ƙara girma. Yashin da iska ta daɗe tana mirginawa yakan zama kusan kai ɗaya, gefensa a goge, jan da ke jikinsa kuwa tsatsar ƙarfe ce. A gwada shi da yashin kogi a ga bambanci. A yi amfani da kamfas, ko inuwar sanda, a gano inda tudun ya dosa, a kwatanta da inda iskar hunturu ke fitowa.

Sa'an nan a ƙirga itatuwa a cikin wani fili da aka auna da igiya: gawo nawa, aduwa nawa, kurna nawa, manya nawa, toho nawa. A ɗauki hoto da wayar malami daga wani wuri da ba zai gushe ba, a rubuta ranar, baɗi a koma a sake ɗauka. A zauna da dattawan ƙauye da masu haƙar rijiya a tambaye su irin ƙasar da ake ratsawa kafin a kai ga ruwa, da itatuwan da suka sani da ƙuruciya waɗanda yanzu babu.

Daɗin daɗawa, kowace makaranta ta kafa ma'aunin ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da rula sun isa a fara. Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, wato lita 10,000 a kan hekta guda, kuma wannan lissafi ne da ɗan aji ɗaya zai iya. Idan makarantu daga Gagarawa a kudu zuwa Maigatari a kan iyaka, da Sule Tankarkar a yamma, suka riƙa rubuta ruwan kowace rana, Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma ta riƙa tattarawa tana adanawa, cikin shekara goma masarautar za ta mallaki bayanin da masu bincike a jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Kano za su zo nema.

Uzurorin da Akan Kawo

Uzuri na farko shi ne jarrabawa: wai lokaci bai isa a gama manhaja ba. Amma karatun taswira da aikin iska da ruwa a kan ƙasa da nau'o'in ƙasar noma duk suna cikin abin da ake tambaya a labarin ƙasa da kimiyyar noma. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya taka tudu da ƙafarsa ba zai sha wahalar gane layukan tudu a taswira ba.

Na biyu shi ne kuɗi. Kayan da aka lissafa a sama babu wanda ba a samu a gida ko a kasuwa. Tafiya mai nisa, kamar zuwa duwatsun Dutse ko zanen shanu na jikin dutse da ke Birnin Kudu, tana da kyau idan hali ya yi, domin a can ɗan Gumel zai ga tsohon dutsen da ke binne can ƙarƙashin yashin garinsu. Amma ba da ita za a fara ba.

Na uku shi ne tsaro da yardar iyaye, musamman ga ɗalibai mata, kuma wannan uzuri ne mai nauyi da bai kamata a raina ba. Maganinsa shi ne tsari: a tsaya kusa da gari, a tafi da malamai mata, a gayyaci wakilin iyaye, a ɗauki ruwan sha, a dawo kafin rana ta take. A kuma koya wa yara ladabin daji. A gandun Torres del Paine na ƙasar Chile, wutar da wani baƙo ya kunna a ƙarshen 2011 ta cinye fiye da hekta 17,000. Wanda ya je nazari ba ya kunna wuta, ba ya karya reshe, ba ya taka shuka.

Akwai kuma masu cewa ai babu baƙon da zai taso daga Turai don kallon jigawar Gumel. Wataƙila haka ne, kuma ba neman baƙi ake yi ba. Amma ya kamata a tuna cewa a watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta abin da ya gani na garin da cinikin kanwa da ake yi a kasuwarsa. Har yau masu tarihi na komawa ga rubutunsa. Abin kunya ne a ce bayan fiye da shekara 170, ana jiran wani baƙon ya zo ya rubuta yadda ƙasar take.

Kammalawa

Ƙurar da ke tashi daga tsohon gindin Tafkin Chadi da sauran sassan Sahara, wadda ke turnuƙe Maigatari da hazo lokacin hunturu, wani kasonta kan ƙetare Atlantika ya sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu ya zama taki. Duniya a haɗe take fiye da yadda taswirar bango ke nunawa, kuma yaro zai iya soma fahimtar haka daga bayan garinsu. Saboda haka ya dace shugabannin makarantu na ƙananan hukumomin nan huɗu su sa fita nazari aƙalla sau ɗaya a kowane zango cikin jadawalinsu, hukumomin ilimi su amince da ita a matsayin darasi cikakke, malaman labarin ƙasa da na kimiyyar noma da na lissafi su haɗa kai su gudanar da ita. Ɗalibai kuma kada su jira sai an tilasta musu. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya kafa gwangwanin awon ruwa tun kafin damina mai zuwa ta faɗi, ta buɗe littafi, ta rubuta ranar farko.